Borin Jini da Soriyasis: Abin da Bincike Ya Gano, da Wanda Ya Iso Gare Mu

Gwaggona ta yi kusan shekara biyu tana fama da borin jini. Da yamma yake tasar mata, bayan la'asar. Za ta fara sosa damtse, kafin a kira magariba jikinta ya yi ruɗu-ruɗu kamar wadda aka zane da tsumagiya, wani wurin faɗin tafin hannu, wani kamar cizon sauro. Gari na wayewa sai a nemi kumburin a rasa, fata ta koma sumul, ko tabo babu. Wata rana kuma leɓe ne zai kumbura, ko fatar ido, har ta fasa zuwa suna ko biki. Kowa ya zo dubiya da tasa fatawar. Aka ce kifi ne, ta bar kifi. Aka ce ƙwai, ta bari. Aka ce gyaɗa, aka ce nono, aka ce naman akuya. Ranar da na je gaishe ta na same ta da kofin koko a hannu, na ce, "Gwaggo, ko dai wani abu kika ci jiya?" Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ɗan nan, me ya rage ban bari ba?" Abu ɗaya ne ke kwantar mata da shi, allurar sitiroyid, maganin da ke danne kumburi, da wani mai kemis ke yi mata duk mako. Bayan 'yan watanni fuskarta ta yi suntum, sukarin jininta ya hau.

Tambayar da ta yi mini ita ce wadda likitocin fata suka shafe shekaru suna yi wa kansu, kuma amsar da suka samu ta saɓa wa abin da yawancinmu muka taso muna ji. Borin jinin da ya wuce mako shida yana zuwa yana komawa, da wuya a ce abinci ne ke kawo shi. Wanda ke tashi minti kaɗan bayan an ci wani abu ko an sha wani magani, wannan daban ne, kuma mai shi yakan gane mai laifin da kansa. Amma mai daɗewa, wanda ke damun kusan mutum ɗaya cikin ɗari, mata kuma sun ninka maza a cikinsa, daga cikin jiki yake tasowa. A fatarmu akwai wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira mast, cike suke da sinadarin histamin. Aikinsu su fashe idan wani abu mai cutarwa ya shigo. Idan suka saki histamin, ƙananan hanyoyin jini sai su buɗe, ruwa ya tsiyayo cikin fata, wurin ya kumbura ya hau ƙaiƙayi. A jikin mai borin jini mai daɗewa, suna fashewa ba tare da baƙo ya shigo ba.

An fara ganin dalili a Ingila. A 1986 wasu likitoci suka ɗebi jinin masu ciwon, suka tace ruwansa, suka mayar wa kowa nasa a cikin fata. A jikin wasu, nan take wurin ya tashi. Ke nan abin da ke tayar da borin yana yawo a cikin jinin mutumin. A 1993 aka gano ko mene ne: garkuwar jikin wasu tana ƙera makami ne a kan gurbin da IgE, wani sinadarin garkuwa mai sa ƙwayar mast ta fashe, ke zama a jikin ƙwayar. Daga baya aka gano wani rukunin kuma, waɗanda IgE ɗin nasu ne ke ɗaukar wasu sunadaran jikinsu a matsayin abokan gaba. Bahaushen da ya raɗa wa ciwon suna borin jini bai yi nisa da gaskiya ba.

Sai dai kafin a gwada magani dole a san yadda za a auna ciwo, kuma wannan ciwon yana da wuyar kamawa. Mai shi zai kwana bai runtsa ba, ya zo asibiti da safe fatarsa garau, likita ya duba bai ga komai ba. Shi ya sa aka daɗe ana raina shi. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 1997 ya nuna cewa yadda ciwon ke dagula rayuwar mutum, ta fuskar barci da aiki da shiga jama'a, ya kai na masu ciwon zuciya da ke jiran tiyata. Daga baya aka tsayar da wani ma'auni mai sauƙi da ake kira UAS7. Kullum majiyyaci zai ba wa yawan kumburin maki daga 0 zuwa 3, ya ba wa tsananin ƙaiƙayin daga 0 zuwa 3, a tara na kwana bakwai. Mafi muni 42, lafiya ƙalau 0. Ba ya buƙatar na'ura, takarda da biro sun isa, kuma a kansa aka gina duk manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya.

Wanda ya sauya lissafi shi ne gwajin da ake kira ASTERIA II, wanda Marcus Maurer na asibitin Charité da ke Berlin ya jagoranta, aka buga shi a mujallar New England Journal of Medicine a 2013. An ɗauki mutum 323 waɗanda ƙwayar maganin histamin ba ta yi musu aiki ba, aka raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a. Gida uku ana yi musu allurar omalizumab, maganin da ke kama IgE, duk mako huɗu, kowane gida da nasa adadin, gida na huɗu kuma allurar wofi ce, babu magani a cikinta. Likita bai san wa ya samu wacce ba, majiyyaci ma bai sani ba. Wannan ɓoyewar tana da dalili babba a ciwo irin wannan, mai lafawa da kansa ya dawo da kansa: duk abin da mutum ya sha a makon da ciwon zai lafa, shi zai samu yabo, ko jiƙo ne ko allura. A mako na 12, kashi 44 cikin 100 na waɗanda suka samu miligiram 300 ba su da kumburi ba su da ƙaiƙayi ko kaɗan. A gidan allurar wofi, kashi 5 ne kacal. A 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi.

Akwai wani darasi da ya biyo baya wanda nake so mai karanta labaran "an gano sabon magani" ya riƙe. An ƙera wani mai suna ligelizumab, wanda ya fi omalizumab kama IgE da ƙarfi. A gwajin matsakaici da aka buga a 2019 ya nuna kamar zai fi shi aiki, aka yi ta ɗoki. Da aka kai shi babban gwaji mai ɗauke da mutane da yawa, ƙarshen 2021 sakamako ya fito: ya fi allurar wofi, amma bai fi omalizumab ba. Kamfanin ya janye shi daga wannan ciwon. Wasu biyu sun samu amincewar FDA a 2025, allurar dupilumab da kuma remibrutinib, wanda ƙwaya ce da ake sha sau biyu a rana, tana toshe saƙon fashewa daga cikin ƙwayar mast ɗin kanta.

Duk waɗannan sun fi ƙarfin aljihun gwaggona. Abin da ya amfane ta yana cikin matakin farko na ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin fata da na borin jiki na Turai da Asiya suka sabunta a 2022. A fara da maganin histamin na zamani wanda ba ya sa barci sosai, irin su setirizin da loratadin da feksofenadin. A sha kullum, ba sai ciwon ya tashi ba. Idan bai isa ba, likita na iya ƙara adadin har ninki huɗu. Ka da a dogara da tsofaffin irin su piriton, masu sa gyangyaɗi da kasala. Ka da a ɗora mutum a kan sitiroyid na dogon lokaci, iyakarsa 'yan kwanaki idan abin ya yi tsanani. Ka da a wahalar da shi da gwaje-gwaje barkatai ko a hana shi abinci babu hujja. A kuma tambaye shi ko yana yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da dikilofenak, domin suna rura wa wasu wutar. Da aka kai gwaggo wajen likitan fata, abin da ya yi ke nan. Ya janye ta daga allurar a hankali, domin ba a yanke sitiroyid farat ɗaya, ya ɗora ta a kan ƙwaya ta kullum, ya ce ta koma cin kifinta. Kuma ya gargaɗe mu: idan harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti nan take. Wannan ma ya shafi masu hawan jini, domin magani irin lisinopril yakan kumbura leɓe da harshe ba tare da ƙaiƙayi ba, kuma an tabbatar hakan ya fi faruwa ga baƙar fata.

Soriyasis kuwa labarinsa ya fi tsawo, ciwonsa kuma ba ya ɓuya da safe. Ba mu da takamaiman suna gare shi a Hausa, kuma wannan ma wani ɓangare ne na matsalar. Wani ya ce kirci, wani ya ce makero, wani ƙyasbi, idan a kai ya fito a ce amosani ne mai taurin kai. Abin da ke faruwa shi ne fata na hayayyafa da gaggawa. Ƙwayar fatar da ke ɗaukar kusan wata guda kafin ta hau sama ta faɗi, a nan kwana uku zuwa biyar take yi. Sai su taru su yi kauri, su yi ɓawo mai zuba kamar dusa, galibi a gwiwa da gwiwar hannu da fatar kai da ƙugu. Farce kan yi ramuka. Har kusan mutum uku cikin goma ciwon kan sauka a gaɓoɓinsu, yatsa ya kumbura gaba ɗaya, a tashi da safe jiki a sandare.

Na san wani tela da ke da shi. Ya daina saka kaya masu duhu saboda ɓawon da ke zubo masa a kafaɗa. Wanzaminsa na shekaru ya fara ware masa aska ta daban. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bayan sallah, in ya miƙa hannu, ya ga mutum ya ɗan yi jim kafin ya karɓa. Ciwon ba ya yaɗuwa, ko an ci a kwano ɗaya ko an kwana a shimfiɗa ɗaya. Amma tsoron tsoho ne. A Turai ma ƙarnuka aka yi ana haɗa shi da kuturta, sai a ƙarni na 19 Ferdinand von Hebra na Biyana ya raba su sarai. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri yana amincewa da soriyasis a matsayin babbar cuta marar yaɗuwa, ya kuma ambaci tsangwamar da masu ita ke sha.

Da can an ɗauka laifin fatar ne kawai. Abin da ya buɗe ido ya zo ba zato: a 1979 aka ba wasu masu ciwon gaɓoɓi siklosporin, maganin da ke danne garkuwar jiki, sai aka ga soriyasis ɗinsu ya washe. Daga nan aka bi sawu har aka gano igiyar. Wasu ƙwayoyin garkuwa na sakin saƙo mai suna IL-23, shi kuma ya zaburar da wasu su saki IL-17, shi kuma ya umarci fata ta yi ta hayayyafa, fatar kuma ta sake kiran garkuwa. Akwai gado a ciki, musamman wani ƙwayar gado mai suna HLA-Cw6, amma gado kaɗai ba ya tayar da shi. Ciwon maƙogwaro na ƙwayar sitirep kan tayar wa yara da matasa wani nau'i mai ɗigo-ɗigo. Damuwa, taba, giya da ƙiba duk suna ƙara shi. Kuma duk inda fatar mai ciwon ta ji rauni, sabon tabo na iya fitowa daidai wurin. Wannan ya sa nake jin tsoro idan na ji an kai mai soriyasis a yi masa ƙaho ko tsaga don a fitar da mugun jini.

Da aka san igiyar, sai aka riƙa ƙera alluran da ke yanke ta a wuri guda. Ana auna su da ma'aunin PASI, wanda wasu likitoci biyu na Suwidin suka fitar a 1978. Ana duba faɗin wurin da ciwon ya ci, da kaurinsa, da ɓawonsa, da jansa, maki ya kama daga 0 zuwa 72. Idan aka ce mutum ya kai PASI 75, ana nufin ciwonsa ya ragu da kashi 75 cikin 100. A gwajin FIXTURE na 2014, kashi 77 na masu allurar sekukinumab ta miligiram 300 sun kai wannan matsayin a mako 12, masu tsohuwar allurar etanasept kashi 44, masu ta wofi kashi 5. Bayan 'yan shekaru aka ɗaga sanda zuwa PASI 90, risankizumab ya kai kusan kashi 75 na mutane can a mako 16. Yanzu maganar washewa gaba ɗaya ake yi, inda bimekizumab ya kai wajen mutum shida cikin goma. Wanda ya san yadda ake fama da man kwalta da haƙuri a da, ya san wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Amma hanyar ba ta rasa ƙaya ba. An janye efalizumab daga kasuwa a 2009 bayan wasu da suka daɗe a kansa sun kamu da wata muguwar cutar ƙwaƙwalwa, abin da gwajin 'yan watanni ba zai iya nunawa ba. Shi ya sa ƙasashe irin su Birtaniya ke da rajistar da ke bin masu shan waɗannan magunguna shekara da shekaru.

Bincike ya kuma nuna cewa wutar ba a fata kaɗai take ci ba. A 2006 Joel Gelfand na Jami'ar Pensilbeniya ya bi bayanan marasa lafiya na Birtaniya, ya ga cewa masu soriyasis mai tsanani, musamman matasa, sun fi sauran mutane fuskantar bugun zuciya. Don haka likitan da ya duba fatar bai auna hawan jini da sukari ba, ya bar rabin aiki.

Yanzu ga inda abin ya fi damuna. Ɗaya daga cikin ginshiƙan PASI shi ne ja. An gina ma'aunin ne a kan fatar da ciwon ke fitowa jajir a kanta da farin ɓawo. A fatarmu ba haka yake fitowa ba. Yakan yi duhu, ko ruwan toka, ko ya ɗan yi shuɗi-shuɗi kamar makuba. Likitan da duk hotunan littafinsa na farar fata ne zai iya ba wa jan maki ɗaya inda ya cancanci uku, ko ma ya ce makero ne ya rubuta maganin makero. Ke nan ana iya raina tsananin ciwon baƙar fata tun a wajen awo. Sannan idan aka duba waɗanda aka yi manyan gwaje-gwajen a kansu, fiye da kashi 80 cikin 100 fararen fata ne. An daɗe ana cewa soriyasis ba shi da yawa a Afirka ta Yamma, kuma mai yiwuwa akwai gaskiya a ciki. Amma wani babban nazari da aka buga a mujallar BMJ a 2020 ya gano cewa kashi 81 cikin 100 na ƙasashen duniya ba su da ƙididdigar wannan ciwo kwata-kwata. Wanda ya je kemis aka ba shi man shafawa, ko ya tsaya wajen mai magani a kasuwa, ba ya shiga lissafin kowa.

Man shafawar nan ma abin magana ne. Kasuwanninmu cike suke da mayukan da ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin kilobetasol, wasu an haɗa su da maganin makero da na ƙwayoyin cuta a bututu ɗaya, wasu kuma a matsayin man bilicin ake sayar da su. Suna kwantar da soriyasis da sauri, shi ya sa ake komawa. Sitiroyid na shafawa yana cikin maganin ciwon na gaskiya idan likita ya tsara ƙarfinsa da wurinsa da kwanakinsa. Idan aka yi ta lafta shi wata da watanni, fata ta yi siriri, ta yi nankarwa, ciwon ya dawo da fushi ranar da aka bari. Na sha ko na allura ya fi haɗari, domin janye shi kan iya juya ciwon ya koma mai ruwan mugunya a duk jiki da zazzaɓi, wanda sai an kwantar da mutum. Akwai kuma magungunan da aka san suna tayar da shi, ciki har da kulorokwin da wasu na hawan jini irin su propranolol da atenolol. Kuma idan soriyasis ya ɓarke wa baligi farat ɗaya da tsanani, likitoci kan so a yi gwajin ƙanjamau, domin cutar kan fito da shi.

Ko da alluran zamani sun yi araha gobe, ba za mu kwafi tsarin Turai yadda yake ba. Masu toshe wani saƙon garkuwa mai suna TNF, irin su adalimumab, suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan masu tarin fuka. Suna iya tayar da ciwon hanta nau'in B, wanda shi ma ya yi mana katutu. IgE ɗin da omalizumab ke kamawa yana cikin abin da jiki ke yaƙar tsutsar ciki da shi, tambayar da ba ta dami mutumin Berlin ba amma ta shafi ɗan ƙauyen da ke shan ruwan rafi. Alluran kuma sai a firiji suke zama. Abin da ke hannu a yanzu shi ne metotireksat, tsohon magani mai araha. A wani gwaji da aka buga a 2017, kashi 41 na masu allurarsa sun kai PASI 75 a mako 16, masu ta wofi kashi 10. Bai kai sababbin ba, amma ga tela irin wanda na ambata, bambanci ne tsakanin ɓoye hannu da miƙa shi. Sharaɗinsa mai tsauri ne: sau ɗaya a mako ake sha, an rasa rayuka saboda kuskuren shan sa kullum. Ana duba hanta da jini lokaci-lokaci, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta kusantar sa.

Akwai abu ɗaya da masu baƙar fata ke tambaya wanda PASI ba ya ji. Bayan ɓawo ya tafi, kauri ya kwanta, wurin kan bar tabo, baƙi ƙirin ko fari fat, ya yi watanni, wani lokaci fiye da shekara. A takardar bincike an rubuta mutum ya warke ɗari bisa ɗari, shi kuwa har yanzu ba ya iya naɗe hannun riga. Sai a 'yan shekarun nan aka shirya gwaji na musamman, VISIBLE, a Amurka da Kanada, wanda ya ɗauki mutum fiye da 200 waɗanda ba farar fata ba zalla, ya gwada allurar guselkumab, ya horar da masu awo su gane ciwon a fata mai duhu, ya kuma sanya sauyin launin fata cikin abin da ake bibiya. Irin wannan aikin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai za su iya fara nasa ba tare da jiran kamfanin magani ba: a buɗe rajista, a ɗauki hoton kowane majiyyaci da izininsa a haske iri ɗaya, a rubuta makinsa, da man da ya shafa kafin ya zo, da yadda ciwon ke yi masa a hunturu idan iska ta bushe fata, da tsawon watannin da tabon ya ɗauka kafin ya saje.